A Cire Haƙorin, Kada A Daina Shan Maganin

Duk gidan da ya yi ɗan boko a ƙasar Daura ya yi likita, ko da kuwa tarihi yaron yake karantawa a jami'a, ko akawu ne a ofishin ƙaramar hukuma. Shi ake miƙa wa takardar asibiti ya karanta, shi ake aike kemis, shi ke biyan kuɗin magani in wata ya yi, in ya ce a sha sai a sha, in ya ce a bari sai a bari. Wannan girma iyayenmu ne suka ɗora mana shi ba tare da sun auna saninmu ba. To, akwai wata tambaya da takan iso gare mu ta wannan hanya, wadda na ga ya kamata mu yi shawara a kanta a wannan fili, domin amsar da yawancinmu muke bayarwa tana iya kai mutum kushewa. Tsoho yana shan maganin tsinka jini, ga haƙori ya hana shi barci, an ce sai an cire. Yaya za a yi da maganin?

Amsa biyu aka saba ji. Ta farko shiru ce: mai ciwo bai faɗa ba, mai cirewa bai tambaya ba, domin a ganinsu ina ruwan haƙori da maganin zuciya. Ta biyu ita ce ta mai ƙaramin sani, wanda ya taɓa jin cewa maganin yana sa zubar jini, saboda haka sai ya ce, "Baba, a ajiye shi na mako guda, in an cire haƙorin a koma." Yana faɗin haka da kyakkyawar niyya, har ya ji daɗi wai ya yi amfani da karatunsa. Ra'ayina shi ne amsa ta biyun nan ta fi ta farko haɗari, kuma ita ce tamu, mu 'yan makaranta. Jinin da ke zuba a baki ana ganinsa, ana iya danne shi da yatsa. Wanda ya daskare cikin jijiyar ƙwaƙwalwa kuwa ba mai ganinsa sai mutum ya faɗi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar Turawa ce ko ta attajiran birni. Masu shan irin waɗannan magunguna suna nan cikin garin Daura, suna Zango, suna Sandamu, suna Baure da Mai'aduwa. Akwai dattijon da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, ya samu sauƙi, aka ɗora shi a kan ƙaramin asfirin, irin su Vasoprin, don kada abin ya komo. Akwai wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiyar ƙafa. Akwai saurayi ko budurwa da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, wanda ba a kula da shi ba, ya lalata musu ƙyamaren zuciya, watau 'yan marufan nan da ke hana jini komawa baya. Dangi suka yi karo-karo aka kai su Indiya ko Masar aka sa musu ƙyauren ƙarfe, aka ce su sha wafarin har ƙarshen ransu. Akwai kuma matanmu. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson, suka bayyana wa duniya yadda ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Zazzau, kuma har yau likitocin Kano suna bincike a kansa. Zuciyar da ta yi rauni ba ta tura jini da ƙarfi, jinin da ya kwanta kuwa yakan yi gudaji, shi ya sa ake ba waɗansu daga cikin matan nan maganin tsinka jini. Bayan duk waɗannan ga wanda yake sha bai ma san yana sha ba: mai dako ko ɗan acaɓa da ke kaɗa garin Alabukun kullum don gajiya, alhali kuwa asfirin ne a ciki, mai yawa.

Bari mu dubi abin da ke faruwa idan an tumɓuke haƙori, domin wanda bai san wannan ba ba zai gane sauran maganar ba. Saiwar haƙori cikin ƙashin muƙamuƙi take. In ta fita sai ta bar gurbi, watau rauni a wurin da ba a iya ɗaure shi da bandeji, ba ya bushewa, harshe ba ya barinsa ya huta, kuma a cikin bakin akwai sinadaran da ke narkar da gudan jini. Wanda ya taɓa ganin masu noman rani a gefen madatsar Daberam ya san abin da suke yi idan bakin fangali ya ɓalle: su jefa ɓurɓushin ƙasa su tare ruwan, sa'an nan su haɗa da ciyawa su danne don ƙasar ta kama. Haka jiki yake yi. Da farko ƙananan jijiyoyin da suka tsinke su tsuke bakinsu. Sai waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ke yawo cikin jini su ruga wurin, su manne da juna su toshe ƙofar. Su ne ƙasar. Sa'an nan waɗansu sinadarai da hanta ke yi su farka, wannan ya ta da wancan, har su saƙa wani lallausan zare wanda zai ɗaure toshin ya riƙe shi. Shi ne ciyawar.

Gudan jinin nan da mutum ke gani baƙi-baƙi a cikin gurbi, har ƙyama ta sa ya so ya tsokale shi, shi ne harsashin warkewa baki ɗaya. Shi ke rufe ƙashi da bakin jijiyoyi. A cikinsa sabon nama yake tsirowa cikin makon farko. Kafin mako 3 zuwa 4 dasashi ya rufe wurin, ƙashi kuwa ya ci gaba da cika gurbin a hankali har watanni. In gudan ya fita tun da wuri, ƙashi ya zauna tsirara, to, wajen kwana na uku mutum zai ji azabar da ta fi ta haƙorin da aka cire, ga wari.

Sunan da muka ba magungunan nan ma yana ruɗarwa. In an ce tsinka jini sai mutum ya tuna kunun da aka cika wa ruwa. Jinin mai shan maganin kaurinsa ɗaya da na kowa, jinkiri kawai yake yi kafin ya daskare. Asfirin da kulofidogirel ƙwayoyin toshi suke kashe wa kaifi. Wafarin kuwa hanta yake yi wa tarnaƙi, ya hana ta yin amfani da bitamin K wajen haɗa sinadaran saƙa zaren. Ko wanne aka sha, gudan zai yi, sai dai ya makara, kuma ya yi taushi. Maganin ba ya hana nama tsirowa, ba ya hana ƙashi cika. Abin da ke ɓata warkewa shi ne gudan ya riƙa ɓallewa ana sake sabo.

Asalin wafarin labari ne da mutanen ƙasar kiwo irin tamu za su ji daɗinsa. Cikin shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa a Kanada da arewacin Amurka: a yanke wa sa ƙaho ko a fiɗiye shi, jini ya ƙi tsayawa har ya faɗi. Wani likitan dabbobi, Frank Schofield, ya gano cewa wata irin harawa ce da ta yi funfuna suke ci. Karl Link da almajiransa a Jami'ar Wiskonsin suka ware sinadarin da ke yin ɓarnar, a 1948 aka fito da ɗan'uwansa wafarin kasuwa a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka yarda a ba mutane, a 1955 kuwa har Shugaba Eisenhower na Amurka aka ba bayan ya yi ciwon zuciya. Na san waɗansu in sun ji wannan tsoronsu zai ƙaru. Abin lura a ciki shi ne magani ne na awo: kaɗan ba ya tsare mutum, da yawa ya zubar masa da jini. Awon kuwa akwai shi. Ana ɗiban jini a gwada saurin daskarewarsa, a ba da lamba da ake kira INR, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita a 1983. Mai lafiya lambarsa wajen 1 take. Mai shan wafarin ana so ya zauna tsakanin 2 da 3, mai ƙyauren ƙarfe wani lokaci har 3.5.

Yanzu mu ɗora shawarar ɗan bokon nan a kan sikeli. In ya ce a bar maganin daren jajibirin cire haƙori kawai, bai yi komai ba: wafarin yakan yi kwanaki kafin ya saki jiki, ƙwayar toshin da asfirin ya taɓa kuwa ba ta farfaɗowa har ta mutu, rayuwarta kwana 7 zuwa 10 ce. In kuma ya ce a bari na mako guda, to, ya yi wani abu: ya tuɓe wa mutum sulkensa na tsawon makon nan, da kuma kwanakin da maganin zai yi kafin ya sake kama jiki bayan an koma masa. Dalilin da ya sa aka ba shi maganin tun farko yana nan, bai tafi hutu ba.

A 2015 wani likitan haƙori Ba'amurke, Michael Wahl, tare da abokan aikinsa suka tattara rahotannin da likitoci suka rubuta a kan wannan al'amari cikin shekaru masu yawa. Mutum sama da 5,400 aka yi wa aikin haƙori suna kan shan wafarin. A cikinsu 31 kaɗai jininsu ya bukaci abin da ya wuce dannewa da ɗinki da makamantansu, kuma ba wanda ya mutu. A ɗaya gefen, mutum sama da 2,600 aka rage wa maganin ko aka tsayar musu da shi. An samu daskarewar jini mai haɗari sau 22, mutum 6 suka rasu. Wani zai ce ai 6 cikin dubbai ba yawa. Haka ne a takarda. Amma a tuna waɗannan mutane haƙori suka je cirewa. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Saboda irin waɗannan hujjoji ne ƙa'idar aiki ta sauya. Jagorar da aka yi wa likitocin haƙori na Sikotilan a 2015, aka sabunta ta a 2022, ta ce mai shan wafarin a gwada INR ɗinsa cikin awa 24 kafin aiki, ko awa 72 in lambarsa ba ta cika hawa da sauka ba. In ta gaza 4 a cire haƙori ba tare da an taɓa maganin ba. In ta kai 4 a dakata, a mai da shi wurin likitan da ke ba shi maganin ya gyara awo. Mai asfirin ko kulofidogirel ya ci gaba da shan abinsa, balle wanda aka sa wa ɗan bututu a jijiyar zuciya. Sababbin magunguna irin su Xarelto da Eliquis ba a bin su da wannan gwaji, kuma suna barin jiki da sauri, shi ya sa in aikin babba ne likita yakan ce a jinkirta ko a tsallake na safiyar ranar kaɗai. Likita ne zai faɗa, ba ɗan da ya dawo hutu ba. Kada kuma a zaci sababbin nan za su kori wafarin daga gidajenmu. Ba a ba mai ƙyauren ƙarfe su, kuma wani babban gwaji da aka buga a 2022, wanda aka yi a ƙasashen Afirka da Asiya da Kudancin Amurka a kan masu lalatattun ƙyamaren zuciya waɗanda bugun zuciyarsu ya rikice, ya nuna masu shan tsohon maganin sun fi masu shan Xarelto tsira da rai.

Akwai suka mai ƙarfi da za a yi wa maganata, kuma ba zan kauce mata ba. Za a ce Sikotilan ba Baure ba ce. Can ɗakin gwaji yana kusa, motar asibiti tana zuwa in an kira. A nan kuwa mutum zai taso daga wani ƙauye na bakin iyaka, a cire masa haƙori da la'asar, ya hau babur ya koma gida. Allurar kashe zafin da aka yi masa galibi tana da sinadarin da ke tsuke jijiyoyi, saboda haka ya bar asibiti baki ƙalau. Sai bayan isha'i, allura ta saki, jini ya ɓalle, ga dare, ga nisa. Wannan gaskiya ce, kuma wanda ya raina ta bai san ƙauye ba. Sai dai maganinta gyara shiri ne. A zo da sassafe, ranar Litinin ko Talata, don in wani abu zai faru ya faru da rana, ma'aikata suna bakin aiki. A cire ɗaya, in ya yi yawa uku, kada a kwashe baki rana guda don gudun kuɗin mota. A cusa abin tsai da jini a gurbin a ɗinke. A zauna a asibitin har a tabbata ya tsaya. Mutumin nesa ya kwana cikin gari. Wane ne a ƙasar Daura ba shi da gidan da zai kwana ɗaya a birni? Ga kuma wani magani mai araha, taranezamik, wanda wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, da mijinta suka gano a 1962, wanda ke hana gudan jini narkewa. Ɗakunan haihuwa sun san shi, domin asibitocin Nijeriya suna cikin babban gwajin da aka buga a 2017 wanda ya nuna yana rage mutuwar mata daga zubar jinin haihuwa. Likitocin haƙori da yawa sukan jiƙa auduga da shi a ciza, ko a ba da shi a guntsa.

Sai maganar wanzamai. Ba ni cikin masu zaginsu. Sun yi wa ƙasar nan aiki tun ba a san asibiti ba, kuma har gobe akwai wuraren da in ba su ba, ba kowa. Amma iyaye da kakannin da suka gadar musu da aska da awartaki ba su taɓa gamuwa da jinin da wafarin ke cikinsa ba, don haka ba su bar musu dabararsa ba. Mai shan maganin tsinka jini ba na wanzami ba ne, ko haƙori ne, ko ƙaho, ko belu. Mai ƙyauren ƙarfe ma haɗarinsa biyu ne, gama ƙwayoyin cuta na baki suna iya bin jini su kama ƙyauren, shi ya sa likitoci sukan ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a taɓa haƙorinsa.

Wanda ya fi ba ni tsoro ma mai kemis ne. Kafin mai ciwon haƙori ya yarda a cire, ya riga ya yi kwanaki yana shan abin da aka ƙulla masa a leda, kuma kowa ya san abin da akan ƙulla: Flagyl, da maganin zafi irin su ibufurofen ko dikulofenak ko Feldene. Flagyl yana ƙara wa wafarin ƙarfi ƙwarai, haka ma Septrin, har lambar da take 2.5 ta yi tsalle ba wanda ya sani. Magungunan zafin nan kuwa suna raunana ƙwayoyin toshi, suna kuma cin bangon ciki. Watau sau da yawa mutumin da jininsa ya ƙi tsayawa, ledar ce ta ja masa, aka ɗora wa maganin likita laifi. Farasitamol shi ne maganin zafin mai shan wafarin, bisa awo. Abinci ma yana da hannu. Ganye irin su alayyahu da zogale suna da bitamin K, wanda ya cika cinsu da damina ya rage da rani lambarsa tana iya motsawa. Ba a hana shi ci ba, daidaito ake so.

In an cire kuma, sauran aikin na gida ne, a nan ne ɗan boko zai yi amfani na gaske. A naɗe auduga ko tsabtataccen ƙyalle a ciza da ƙarfi minti 30, a duba agogo, kada a riƙa buɗewa ana leƙe. Ranar nan ba tofar da yawu da ƙarfi, ba koko ko shayi mai zafi, ba goro, ba taba, ba tsinken sakace, ba cusa kanwa ko garin taba ko toka a gurbi. A kwanta kai a ɗage. Babban abin da ke wanke gudan jini a ƙasarmu kuwa kurkurar baki ce, domin mutum zai yi alwala sau biyar, ga ɗanɗanon jini yana damunsa, sai ya ƙara da ƙarfi. A mazhabar Malikiyya kurkurar baki sunna ce daga sunnonin alwala, ba ta cikin farillai, kuma tsohon da hankalinsa bai kwanta ba a kai shi wurin malaminsa ya ji daga bakinsa. Kashegari sai a fara guntsar ruwan gishiri mai ɗumi a hankali. Yawu ya yi ja-ja kwana ɗaya ba abin tsoro ba ne. In kuwa an danne sau biyu bai tsaya ba, ko gudaji suna fita manya kamar hanta, ko ƙarƙashin harshe ya kumbura, ko jiri ya kama mutum, to, asibiti, ko ƙarfe nawa ne. Mai wafarin jininsa yana iya dawowa bayan kwana biyu ko uku, saboda haka kada a saki jiki da wuri.

Abin da nake roƙo ba gini ba ne, ba kuwa kwangila ba. Daura tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, tana da asibitin sojan sama da aka buɗe a 2019, tana da Makarantar Koyon Aikin Lafiya. Ya kamata hukumomin asibitocin nan su tabbata mai shan wafarin zai gwada jininsa ya karɓi sakamako rana guda a cikin gari, kada ya zama sai ya yi tafiyar kilomita wajen 80 zuwa Katsina a kan digon jini. Duk wanda aka ɗora a kan maganin a ba shi kati da Hausa, boko da ajami, mai sunan maganin da dalilin shansa da lambarsa ta ƙarshe. Makarantar kuma ta koya wa kowane ɗalibi kada ya ɗauki kayan aiki ya nufi bakin mutum sai ya tambaya, kuma ya san yadda ake tambayar. In ka ce wa tsohuwa "Kina shan maganin tsinka jini?" za ta ce a'a, domin ita maganin zuciya ta sani. Sai a ce, "Iya, ina ledar magungunanki?" Masarauta kuwa tana da hakimai da dagatai da sarakunan aska, saƙon da ya bi ta kansu ya fi sanarwar rediyo isa kunnen wanzami.

Mu kuma, ɗalibai da ƙananan ma'aikata, namu yana hannunmu. Wanda duk ya je gida hutun nan ya roƙi tsofaffin gidansu su zazzage masa ledar magani a kan tabarma, ya rubuta sunan kowanne da dalilin shansa da lambar wayar asibitin da ya bayar, ya kwafi takardar biyu, ɗaya a aljihun tsoho, ɗaya a wurin wanda ke raka shi asibiti.